Babban Baƙo a Auren 'Yarsa

Sharfaddeen ya dawo Daura hutun ƙarshen shekara da jakar baya, da tabarau wanda idonsa bai nema ba, da sakamakon jarrabawa mai kyau. Shekara guda cur ya yi a jami'a yana karanta hulɗa da jama'a, wato yadda ake gyara wa kamfani ko hukuma suna a idon mutane. In ka ji shi yana bayani, sai ka rantse kafin zuwansa mutanen Daura ba su iya gaisuwa ba.

Abu ɗaya yake so: mahaifinsa, Alhaji Kalilu mai sayar da yadi a cikin gari, ya mai da shi kakakin gidan. Domin duk inda za a kai ta'aziyya ko barka ko ban haƙuri, Sagir ake aikawa. Sagir ɗan ƙanwar Alhaji ne, sa'an Sharfaddeen, a gidan ya tashi. Karatunsa bai wuce sakandare ba, kaya yake kaiwa Kongolam, can bakin iyaka, ya dawo. Amma da Alhaji ya ce a kira masa Sagir, sai Sharfaddeen ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Kishi ne tsagwaronsa, kuma shi ma ya sani.

Ana haka sai ga auren ƙanwarsa Fadila. Ya roƙa a bar masa gayyata, ya ce abin da suka karanta ke nan. Alhaji ya ce to, ga fili ga mai doki.

A aji an koya musu cewa kafin kowane taro sai ka jera mutane bisa muhimmanci, ka ba kowa matsayinsa. Ya jera. Wa ya fi Baffa Dabo, yayan Alhaji da ke noma a Dutsi? Babu. Sai ya buga kati ɗari uku masu ruwan zinare, ɗaurin aure ranar Asabar, ya sa a sama da manyan baƙaƙe: Babban Baƙo na Musamman, Malam Dabo. Ya raba, ya ba direban motar Dutsi katin Baffa, yana jin ya karrama tsoho.

Kwana biyu katin ya dawo cikin ambulan ɗinsa, tare da saƙo. Baffa ya ce ya gode, amma baƙo sai ya ga dama yake zuwa, shi kuwa ranar yana da aiki a gona.

Sai a lokacin Alhaji ya karanta katin da kyau, ya dafe kai. Ai ko yaron goye ya san a gida irin nasu uba ba ya aurar da 'yarsa da bakinsa, yayansa ne waliyyi, shi ke bayarwa. Auren na Baffa ne. Ɗan jami'a ya ɗauki mai gida ya zaunar da shi a kujerar baƙi, kuma ya buga hakan sau ɗari uku.

Sharfaddeen ya ce kada hankalin Baba ya tashi, sun yi darasin shawo kan rikici, shi ne ma ya fi kowa maki. Nan da nan ya rubuto wasiƙar ban haƙuri mai sakin layi uku. Alhaji bai ko karɓa ba.

"A kira min Sagir," in ji shi.

Da ƙyar aka yarda Sharfaddeen ya bi. A bayan babur ya tafi, yana kallon ƙeyar Sagir, yana addu'a a ransa Allah ya sa Baffa ya kore su duka. Haka ne, gara a kore su duka da a ce Sagir ya gyara.

A gona suka iske Baffa yana ɗaurin dami. Sagir ya durƙusa ya gaida kawunsa, bai ambaci kati ba. Ya tuɓe riga ya shiga aiki. Sharfaddeen ya tsaya gindin gawo da takalmi mai tsini, wasiƙa na jiƙewa da zufa a aljihunsa. Sai da suka yi la'asar, sannan Sagir ya matsa kusa da tsohon.

"Kawu, Asabar ɗin nan da aka ambata magana ce kawai. Ana jiran ranar da ka yanke, da yawan goron da ka ce a sayo."

Baffa ya daɗe yana sakace. Can ya ce Asabar ba ta yi masa ba, Juma'a bayan an sauko masallaci. Goro kuma a sayo fari. Shi ke nan fa. Kati ɗari uku sun tashi aikin banza, kuma Sagir ne ya bi gida gida yana faɗar sabuwar rana da baki.

A hanya Sharfaddeen ya yi ta laluben shekararsa kaf, darasi bayan darasi, ko zai tuna inda aka ce ka tuɓe riga ka yi shiru. Bai samu ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, Sagir bai yi masa dariya ba, har tambayarsa ya yi ko yana jin ƙishirwa.

Ranar Juma'a Baffa ya ba da auren Fadila, aka shafa fatiha. Sharfaddeen yana riƙe da farantin goro, taku biyu daga mahaifinsa, sai wani abokin Alhaji daga Sandamu ya kama hannun Sagir.

"Alhaji, wannan ne naka mai karatun hulɗa da jama'ar? Lalle karatu ya zauna."

Sharfaddeen ya gyara tsayuwa, yana jiran a nuna shi. Alhaji ya dubi Sagir, ya yi murmushi.

"Allah dai ya yi masa albarka," ya ce.

Mutumin ya ce amin, ya miƙa hannu ya ɗauki goro a farantin, bai ko dubi mai riƙe da shi ba.