Famfon Bayan Gida

Mai gyaran wutan ya iso gidan yayarsa da la'asar, bayansa na ciwo tun safe saboda hawa da saukar tsani. Tun daga ƙofa ta tare shi.

"Auta, famfon bayan gida ya koma cizo. Jiya ina wanki ya fizge ni, har yanzu hannuna bai dawo daidai ba."

Ya bi ta zuwa rumfar kwanon da injin jan ruwa yake. Bara shi da kansa ya kafa sandar jan ƙarfe a gindin rumfar, ya ɗaura mata koriyar waya daga jikin injin, don in wuta ta ɓalle ta bi ta ƙasa maimakon jikin mutum. Ya durƙusa ya duba. Sandar na nan, wayar kuwa guntu kawai ya rage.

Mijin yayar ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Koriyar nan ce? Ni na yanke na ɗaure ƙofar kaji. Na ga ba ta kunna komai."

Auta ya gaji da yi wa mutane wannan bayanin.

"Yaya, ita ce ke hana matarka mutuwa," kawai ya ce.

Mijin ya juya ya nufi wajen kajin. Can sai ga shi da wayar a murɗe, duk kashin kaji.

"Bar ta, ta gama aiki," in ji Auta.

Ya kashe wutar gidan, ya gyara inda fatar wayar injin ta goge. Ya ja sabuwar waya daga sandar zuwa injin, ya haɗa ta da bututun ƙarfen famfon da ginshiƙin rumfar, sannan ya tura ta cikin roba ya binne yadda hannu ba zai kai ba. Ƙasar ta yi tauri, kowane saran diga sai ya ji shi a ƙugu. Mijin ya karɓi digar ya ƙarasa.

Da aka kunna, Auta ya gwada, ya kama famfon da jiƙaƙƙen hannu. Lafiya lau. Yayar ta taɓa da ɗan yatsa ta janye, ta sake taɓawa.

"Zauna in kawo maka abinci."

Kafin ta dawo barci ya kwashe shi a kan benci, filaya na hannunsa.