Kofur Ya Sama wa Kansa Aiki

Duk layin an shaidi Mai Gyara a kan cewa babu fankar da ke gagararsa, ko dutsen guga, ko rediyo. Matsalarsa ɗaya: ba ya tuna inda ya ajiye abu. Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga tsakar gida, kuma rabin yininsa a tsakanin ƙofofin nan yake ƙarewa yana shafa aljihu.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, har shi mijin. Yaransu sun girma sun tafi makaranta, gidan ya yi musu faɗi. A wannan lokacin ne aka yi wa ƙanin Sista canjin wurin aiki zuwa wani gari, ya zo musu sallama da kare a bayan mota. Irin karnukan Jamus ɗin nan ne na kiwon tumaki, masu tsayayyun kunnuwa da baƙin baya, waɗanda 'yan sanda ke yawo da su. Sunansa Kofur.

"Yaya, ku riƙe min shi," in ji ƙanin. "Inda zan sauka ɗaki ɗaya ne a saman bene."

Sista ta dubi karen, karen ya dube ta. "Da sharaɗi. Ba ɗaki, ba kicin."

Sau ɗaya ta nuna masa dokin ƙofa ta ce a'a. Tun daga ranar, ko ana soya nama sai dai ya kwanta a waje ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, hancinsa daidai bakin iyaka. Shago kuwa Mai Gyara ya bar masa a buɗe, don yana jin daɗin samun wanda zai yi wa magana yana aiki.

Wata safiya makullin babur ya ɓata. An ɗaga katifa, an zazzage kwandon wanki, Sista har ta makara. Cikin gajiya ta ɗauki 'yar jakar fatar da makullin ke zama a ciki ta kai wa Kofur hanci. "To, kai da aka ce ɗan sanda ne, nemo."

Da wasa ta faɗa. Amma karen ya shinshina, ya zagaya tsakar gida, ya shiga shago, ya tsaya a kan wata tsohuwar fanka da aka buɗe cikinta yana kaɗa wutsiya. Makullin na nan a cikin murfin, tare da ƙusoshi. Mai Gyara ya yi ta murna, ya shiga kicin ya ɗauko masa busasshen kifi guda.

Shi ke nan abu ya zama jiki. In filaya ta ɓata, Kofur. In tabarau ne, Kofur. Ba a daɗe ba ma ya daina buƙatar shinshinawa, ya haddace sunayen kayan. Kowane nema da kifinsa. Mai Gyara ya riƙa ba abokan ciniki labari har sai sun ce, "Malam, fankar dai."

Sai kuma ɓatan ya ƙaru. Da a yini sau ɗaya ne, yanzu kafin azahar an yi nema uku. Wuraren da ake samun kayan ma suka canza. Sukudireba a bayan tankin ruwa. Tabarau a cikin tukunyar furanni. Mai Gyara ya tsaya riƙe da tabarau ɗin yana goge ƙasar da ke jikinsu, ya kasa tuna ranar da ya je kusa da tukunyar.

Ya rage surutu. Da yamma Sista ta dawo ta same shi zaune a kan benci, rediyon wani a cinyarsa, bai ko kwance shi ba.

"Maigida, lafiya?"

"Sista, ki gaya min gaskiya, ke da kike ganin tsofaffi a asibiti. Haka abin yake farawa?"

"Wane abu?"

"Mantuwa. Ba irin tawa ta da ba. Da in aka nuna min wurin, ina tuna na ajiye. Yanzu ko an nuna min, wallahi kamar wani ne ya kai."

Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura masa a hannu, ta yi masa tambayoyi, ya amsa duka daidai, har da kuɗin da ya sayi babur shekarun baya. Ta ce ƙalau yake. Amma ita ma abin ya tsaya mata a rai, ta ce in ya ci gaba za su je su ga likita.

Ranar hutunta tana guga a ɗaki, taga a buɗe, tana hango cikin shago ta ƙofar baya. Wata mata ta kawo injin markaɗe, Mai Gyara ya ajiye sukudireba a bakin tebur ya fita wajenta. Kofur, da ke kwance kamar mai barci, ya buɗe ido ɗaya. Ya tashi a hankali, ya leƙa ƙofar titi, ya ɗora ƙafafun gaba a kan tebur, ya ɗauki sukudireban da baki. Ya fito tsakar gida ya tura shi ƙarƙashin buhun gawayi, har da gyara bakin buhun da hanci. Sannan ya koma wurinsa ya kwanta, ya rufe ido.

Sista ta kusa ƙona rigar aikinta.

Ba a jima ba ta ji muryar mijin. "Kofur, sukudireba." Karen ya miƙe, ya yi hamma, ya fara shinshina wajen tanki. Ya je gindin bishiya, ya dawo, ya zagaya rijiya. Sai da ya ja rai sosai sannan ya nufi buhun gawayi.

Ta fito tana riƙe ciki don dariya. "Maigida, ajiye kifin nan. Ƙwaƙwalwarka lafiya lau. Ɓarawon ka ɗauka aikin gadi."

Bai yarda ba sai da ta sa shi ya ajiye filaya, suka shige ɗaki suka laɓe a bayan labule. Yana kallo Kofur ya ɗauke ta ya kai bayan tanki. Mai Gyara ya zauna a bakin gado, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe ni nake biyansa ya haukatar da ni."

Aka soke kifi. Kofur ya ɓoye abu biyu, ya nemo, bai samu komai ba sai harara. Ya yi kwana biyu yana kwanciya da baya ga shago. A rana ta uku Sista ta fito za ta tafi aiki, ta tarar da takalminta ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, Kofur kuma zaune a gefe yana kallonta, kunnuwa a tsaye. Ya ga kasuwa ta mutu a shago, ya canza abokin ciniki.

Ta buga wa ƙaninta waya ta zayyana masa. Ya sha dariya ya ce, "Yaya, laifinku ne. Irinsu ba sa iya zaman banza. In ba ku ba shi aiki ba, zai ƙirƙiro nasa. Ni kullum sai na gajiyar da shi."

"To ka zo ka ɗauki abinka."

"Ki tambayi Yaya Mai Gyara in zai yarda."

Mai Gyara, da ke jin su, ya girgiza kai tun kafin a tambaye shi.

Shi ya zauna ya yi tunani, ya juya cinikin. Ya samo kwando ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Yanzu ba a biyan nema. Da yamma in za a rufe shago, duk kayan aikin da ke warwatse Kofur zai tattara ya zuba a kwando, sannan a ba shi kifi. Da safe kuma su fita tare su zagaya filin ƙwallo, Mai Gyara yana jefa masa tsohon bel ɗin inji yana ɗaukowa. Karen ya gane sabon tsarin tun kafin mako ya ƙare. Shagon bai taɓa tsabta irin haka ba. Sista ta ce tumbin mijin ma ya fara sauka.

Ana nan, wata yamma Mai Gyara ya jawo kwando zai jera kaya, ya ga ya fi kullum nauyi. A ƙarƙashin filaya da sukudireba akwai burushin aski, da almakashi, da awon tela mai launin rawaya, da silifa ƙafa ɗaya na yaro. Ashe Kofur ya lura cewa ranar da kwando ya cika sosai, maigidan kan ƙara masa kan kifi. Shagon kuwa ƙofarsa a buɗe take yini guda, maƙwabta ma haka.

Mai Gyara ya rungumi kwando ya bi layi, Kofur na biye da shi yana taku kamar wanda za a ba lambar yabo. Tela ya karɓi awonsa yana cewa tun safe yake zargin matarsa. Uwar mai silifa ta ce ta riga ta yi wa yaron faɗa, yanzu sai ta saya masa alewa. Mai Gyara yana ta ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mai aski ne na ƙarshe. Ya karɓi burushi da almakashi, ya juya su, ya dubi karen.

"Maƙwabci, yaushe ya shigo? Ina nan tun safe."

"Lokacin da ka juya baya. Haka yake yi. Ka yi haƙuri, daga yau zan sa ƙyaure a ƙofar."

"Ƙyaure mai sakata?"

"Mai sakata."

Mai aski ya dubi Kofur, wanda ya zauna yana bin bakinsu da ido ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace.

"Da ka rage murya," in ji shi. "Yana ji."

Washegari Mai Gyara ya kira kafinta. Kafintan yana auna ƙofa yana buga ƙusa, Kofur na zaune a gabansa tun daga farko har ƙarshe, bai ɗauke ido daga hannunsa ba. Da aka zo gwada sakatar, Sista ta kira karen bayan gida da kan kifi a hannu, ta tsare shi da hira har aka gama.