Rufa'i a Kan Sikelin Gyaɗa

Tun suna yara Kulu ta raina ƙanenta Rufa'i, kuma girma bai sa ta sake ra'ayi ba. Ita ta goya shi, ita ta san irin kukan da yake yi idan lomar wani ta fi tasa. Da ya tasa ya taɓa kokawa, ya kayar da 'yan samari a Ɗansoshiya, daga baya ya samu shiga wurin wani Kwara, wato ɗan kasuwa mutumin Lebanon, mai sayen gyaɗa, aka ba shi sikeli da rumfa a Kwanar Dangora. Tun daga ranar bai ƙara yin aikin da zai sa shi gumi ba. Yana zaune kan buhu ana kawo masa tsire da fura, yana ta buɗewa kamar rumbu, har ta kai salla ma a zaune yake yi. Mutane suna cewa hutu ne da arziki. Kulu kuwa, wadda take sana'ar daddawa a Dangora tun rasuwar mijinta, cewa take haɗama ce kawai aka ɗinka wa babbar riga.

A kakar 1955 ciwon cikin da ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi, ya yi ta aman jini a bakin rumfa. Ƙarti suka cicciɓe shi suka sa a bayan motar gyaɗa, sai Kano. Likita Bature ya ce gyambo ne ya cinye masa tumbi, ya yanke fiye da rabi, ya ɗinke sauran. Ranar sallama ya gaya masa ta bakin tafinta cewa zai rame, kuma ramar alheri ce a gare shi, in dai ya kula da abin da yake ci.

Haka kuwa aka yi. Mutumin da yake tashi da akushi shi kaɗai ya koma loma kaɗan ta ishe shi. Nama ya dinga zubewa, fatar damtse tana reto, riguna suka yi masa yawa. Da farko kunya ta hana shi fita. Amma akwai masu zaman rumfarsa, waɗanda ba su da sana'a sai jiran ragowar abinci, babbansu wani mai suna Ɗanjuma. Shi ne ya dube shi ya ce, "Maigida, wallahi wannan ba rama ba ce. Jikin kokawa ne yake dawowa."

Rufa'i ya ɗauki zancen ya zauna a kai. Duk ranar kasuwa sai ya tuɓe babbar riga ya hau sikelin gyaɗa, Ɗanjuma ya ja ƙarfen awo, ya ɗaga murya ya ce an ƙara sauka, sauran su yi ta kabbara. Ana nan har ya fara shelar cewa bayan girbi mai zuwa zai shiga fili da Jibrin na Ɗansoshiya, wanda ya taɓa kai shi ƙasa a ƙuruciya. Shi Jibrin yana can yana sharar gona, bai ma san ana yi ba.

Da labari ya kai wa Kulu, ko kai ba ta ɗaga daga kan kalwar da take wankewa ba. Ta ce, "Mutum da furfura a gemu, an feɗe shi kamar ragon layya, wai kokawa. Allah ya kyauta."

Gab da faɗuwar damina ramar ta tsaya. Ya hau sikeli, ƙarfe ya tsaya inda ya tsaya wancan makon. Ya sake hawa wani makon, bai motsa ba. Ga shi har yanzu akwai teɓa, ba ta tafi ba, ta dai sauko ne ta rataya. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya hau da safe kafin karyawa, duk ɗaya. Ya fara da zagin likitan, ya ce rowar wuƙa ya yi masa, da ya ƙara yankewa kaɗan da tuni an wuce wurin. Ɗanjuma ya ce a'a, wannan da hannu a ciki, Jibrin ne ya ji tsoro ya sa aka ɗaure naman, kuma irin wannan aiki ba ya shiga jiki sai ta tukunya. A ranar Rufa'i ya koma gida ya ce wa matarsa Hasana ta tafi gidansu Kiru sai ya neme ta. Matar da ta kwana a barandar asibiti tana wanke masa ƙazanta.

Wannan ne ya tayar da Kulu. Ta yafa mayafi ta tako har Kwana, suka gaisa, ta samu gefen rumfa ta zauna. Kallo kawai take yi. Aka kawo shayi mai kauri da madarar gwangwani, ya shanye. Bafulatana ta dama fura, aka tsiyaya zuma da man shanu, ya dinga kurɓa kaɗan-kaɗan har ya ga ƙasan ƙwarya. Kafin azahar an sake kawo shayi, ga alewa a aljihu yana tsotsa.

"Yaya, kin ga abin da aka yi mini ko?" in ji shi. "Rabona da tuwon kirki tun kafin a yanka ni, amma jikin nan ya ƙi motsi."

"Na gani," ta ce. "Na ga sammun da idona, a ƙwarya aka kawo shi. Hasana ce ta dama maka wannan?"

"Ai wannan ruwa-ruwa ne, ba abinci ba."

"Tashi ka ɗauko tabarmarka. Tunda tukunyar matarka ce ba ka yarda da ita ba, ka zo ka ci tawa."

Ɗanjuma ya buɗe baki zai sa baki, ta juyo ta dube shi tun daga hula har tsagaggen diddige, ta ce, "Kai kuma ɗan wa?" Ya ja jiki ya koma gefe.

Da yake damina ce, babu awon gyaɗa, Rufa'i bai da hujjar ƙi, kuma bai taɓa iya yi wa Yaya musu ba. Ta ajiye shi a zauren gidanta. Da safe koko ba sukari, da rana ɗan tuwon dawa da miyar kuka, da yamma kwaɗon zogale. Ta ba shi fartanya ta tura shi gonar marigayi mijinta. Ya yi gunaguni, hannunsa ya yi kanta, ya taɓa zama a kan kunyar gona ya yi kuka na gaske, ta ce ya yi a hankali kada ya danne mata dawa. Masu zaman rumfa sun zo dubiya sau ɗaya, suka ga abin da ake ci, ba su sake dawowa ba. Kafin dawa ta fitar da kai ya fara ruku'u da sujada kamar kowa, yana zuwa gona ya dawo ba haki. Kulu ta gani, ba ta yaba ba. Jira take ranar awo ta zo, ta nuna masa cewa bakinsa ne maƙiyinsa.

Kaka ta yi, aka buɗe rumfa. Manoma sun cika wurin da jakuna da buhuna, Ɗanjuma ya dawo mazauninsa kamar bai taɓa tashi ba. Kulu ta zo da kanta ta tsaya a gaba. Rufa'i ya tuɓe riga ya hau. Aka ja ƙarfe, ya je daidai inda ya tsaya kafin damina, ya tsaya.

Rufa'i ya sauko, fuskarsa har da murna. "To, Yaya! Damina guda ina cin ganye kamar akuya. Yanzu kin yarda ɗaure ni aka yi?"

Kulu ta san bai ci komai a ɓoye ba, don ko ƙwaryar maƙwabta ta hana shiga gidan. Amma ba za ta yarda a ga kasawarta a gaban su Ɗanjuma ba. Sai ta nuna sikelin da baki ta ce, "Wannan? Sikelin da ka saba murɗawa kana cin buhun talakawa, shi ne yau zai gaya maka gaskiya?"

Wani dattijo daga Doguwa, wanda aka riga aka sauke wa kaya, ya dubi sikelin, ya dubi Rufa'i, ya ce wa ɗansa su mayar da buhunan kan jaki. Na bayansa ma suka bi. Akwai wani mai awo a ɗaya gefen hanya, can suka nufa. Rufa'i yana tsaye ba riga yana rantsuwa, ba wanda ya waiwayo. Kafin kakar ta ƙare Kwaran ya aiko aka ɗauke sikelin aka ba wani, Ɗanjuma ya bi sikelin.

Kokawa dai ba a yi ba. Rufa'i ya koma noma a gonar gado, jikinsa ya zauna a nan inda ya tsaya, bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma bai fasa gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa aikin Jibrin ne ba. Kulu ce ta tasa shi gaba har Kiru biko. Ya durƙusa gaban surukinsa yana kame-kame, ita tana tsakar gida tare da Hasana.

"Yaya, ya dai canza?" Hasana ta tambaya a hankali.

"Ina fa," in ji Kulu. "Yana nan yadda kika san shi. Sai dai yanzu ya iya riƙe fartanya, kuma ba shi da abokai. In za ki iya, ɗauko kayanki."

Hasana ta tashi ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarma.