Babura Goma Sha Ɗaya

Shekara goma sha tara Asta ta yi tana suyar ƙosai a bakin mashigin Kwarin Tsamiya, ƙarƙashin wani tsohon marke, kuma babu babur ɗin da zai tsallaka gulbin nan ba ta san mai shi ba. Ta san mai hankalin da ke kashe inji ya tura, ta san mai rawar kan da ke afkawa ruwa da gudu don 'yan mata su gani. Da rani gulbin yashi ne zalla, ko akuya ba ta jiƙa ƙafa. Amma da zarar damina ta zauna, sai mutanen ƙauyuka bakwai su taru a gaɓa suna jiran ruwa ya ja, masu zuwa asibitin Safana da masu zuwa kasuwar Batsari. Shekara shida da suka wuce mijinta, Malam Jinjiri, ya gaji da jira. Ya taho da buhun taki a bayan babur, ga hadari ya haɗo, ya ce bari ya gwada. Sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa can ƙasa, maƙale a saiwar wani ɓaure. Tun daga ranar babu abin da Asta ke roƙon Allah kamar ta ga gada a wurin nan kafin ta mutu.

Wata Juma'a, ana dab da faɗuwar damina, wata farar mota ta tsaya a gindin marken. Samari biyu suka fito da takalma masu sheƙi, suka sayi ƙosai, suka tsaya suna kallon yashi. Asta ta ji ɗayan yana cewa ranar Litinin za su fara, kwana uku za su yi suna ƙirga duk babur da motar da ta wuce. Ta tambaye su dalili, mai maganar ya ce, "Aikin hukuma ne, Mama," ya goge hannunsa suka tafi.

Da yamma ta ba ɗanta labari, kamar yadda take ba shi labarin duk abin da ta gani a mashigi. Ɗan nata magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma da acaɓa yake riƙe gidan tun rasuwar ubansa. Bai ko ƙarasa tuwonsa ba ya miƙe sai ƙofar gidan Mai Unguwa Gagare.

To, Gagare mutum ne da bai taɓa jin wata magana ya ce bai gane ba. Nan take ya fassara ta. Ya ce duk wanda ya ƙirga abinka, ƙwace shi zai yi. Ya tuna wa jama'a shekarar da aka hana hawa babur saboda ɓarayin daji, yadda waɗansu suka fita da nasu suka dawo a ƙasa. Ya tambaya ko akwai mai takardar babur a garin nan, kowa ya dubi ɗan uwansa. Kafin sallar isha'i magana ta kai ƙauyuka bakwai ɗin nan kaf: daga Litinin zuwa Laraba, kada wanda ya kuskura ya tayar da inji.

Sai ka ga ɓoyo. Wani ya tura nasa bayan rumbu ya lulluɓe da kara. Wani ya cire ƙafafun nasa ya raba su gida biyu. Sharhabilu mai faci ya shigar da nasa ɗakin tsohuwarsa, ya kwantar da shi a kan tabarma, ya rufe shi da zane kamar mai zazzaɓi.

Kwana uku samarin nan suka yi a inuwar Asta, da takarda da biro, suna hamma. Mutane na wucewa a ƙasa, kowa da kaya a ka, suna gaishe su da ladabi kamar surukai. Ranar Talata aka wuce da wata mai naƙuda a amalanke, shanu na tafiya yadda suka ga dama, alhali mijinta na da sabon babur a bayan rumbu. A kwana ukun nan babura goma sha ɗaya suka tsallaka, duk na baƙi. Ran Laraba da la'asar, suna naɗe takardunsu, Asta ta sake tambaya. Wannan karon ɗayan ya amsa.

"Don a san ko wurin ya kai a yi masa gada ne, Mama. Amma gaskiya hanyarku ba mutane."

Kasko na kan wuta ta bar shi. Da gudu ta isa ƙofar gidan Gagare, tsohuwa da ita, zani na harɗe ta. Ta same shi a kan buzu ana yi masa barka da arziki, an tsallake rijiya da baya. Ya saurare ta har ta gama haki, sannan ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya.

"Yo Asta, mi kike so su ce maki? Su ce mun zo ƙwace?"

Ko da ta koma mashigi, farar mota ta tafi, ƙosai ya zama gawayi.

Bayan wata biyu, ruwa ya zauna sosai, aka kira taro a makarantar firamare ta Mararrabar Kanya, garin kasuwa da ke tsallaken gulbi. Mazan Kwarin Tsamiya suka tafi a kan baburansu, amma ba su yarda sun isa da su ba. Suka jibge su a bayan wani kangon injin niƙa a wajen gari, suka ƙarasa a ƙasa suna kaɗe ƙurar wando. Asta ta zauna a bencin mata, can baya, kusa da taga.

Wadda ta jagoranci taron wata injiniya ce, Ramlat, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta liƙa zane biyu a allo. Ta ce aiki ɗaya za a yi a wannan hanya, ba biyu ba: ko dai gada a kan gulbin Kwarin Tsamiya, ko gadar ƙasa a tsakiyar Mararraba, inda motocin da ke wucewa za su nutsa ta ƙarƙashin titi su ɓulla gaba da kasuwa. Ta ce ƙidaya ta nuna ɗaruruwan ababen hawa a Mararraba kullum, a mashigi kuwa babura goma sha ɗaya cikin kwana uku. Amma an aiko ta ta ji bakin jama'a kafin a sa hannu.

Ai kuwa ta ji. Alhaji Zaharaddeen, babban dillalin hatsi, ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce cunkoson ranar kasuwa ya ishe su, kuma irin gadar ƙasan da aka yi wa Katsina ba ta fi ƙarfinsu ba. Asta ta yi tsaki. Duk wanda ke cikin ajin nan ya san cunkoson Mararraba manyan motocin Alhajin ne guda uku, da ke tsayawa a tsakiyar titi ana sauke masu gero tun safe har azahar. Ba wanda ya faɗa. Sarkin fawa ya ce shi bai yarda ba sai an gaya masa inda za a mayar da rumfunansu. Wani direba ya ce ramin zai cika da ruwa ya zama tafki. Wani ya ce ƙarya ne, akwai injin zuƙa. Wani ya tambaya ko motar da aka yi wa lodin kara za ta shige, aka yi ta auna tsawon kara da hannu a iska. Aka kusa dambe a kan raƙumi, ko zai yarda ya shiga rami ko zai turje.

Abin da ya fi ƙona wa Asta rai mutanenta ne. Maza arba'in da wani abu, kowannensu ya taɓa kwana a gaɓa ko ya ɗauki gawar da ruwa ya ci, sun zauna suna gyaɗa kai. Har Gagare ya ɗaga hannu, ta ce a ranta yau dai zai yi abin kirki. Sai ya tambaya ko za a sa fitilu a cikin ramin.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, ni ce mai ƙosan mashigi. Ƙidayar nan taku ƙarya ce. Ba yaranku suka yi ƙaryar ba, mu muka yi ta. Ɓoye baburan muka yi. A bakina maganar ta fito, ni na kai ta gari, aka juya ta. Wallahi ran kasuwa sai ɗari biyu su wuce ta gabana kafin azahar."

Mutanen Mararraba suka fashe da dariya. Gagare ya juyo yana yi mata alama da hannu ta zauna. Injiniya Ramlat ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma lambar ta ba ta mamaki, don ta ga sawun taya a gaɓar da idonta. Ta ce amma ba za ta koma ofis da maganar mutum ɗaya ba. In da gaske ne, masu baburan su ɗaga hannu, a rubuta sunayensu, ita kuma ta yi alkawarin za ta sa a sake ƙidaya.

Ana cewa a rubuta suna, sai ka ce an watsa masu ruwan sanyi. Wasu suka saci kallon wani mai kaki da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda shi ba abin da ya dame shi sai wayarsa. Sharhabilu, da baƙin mai ya riga ya zauna a faratansa, ya cusa hannuwansa cikin aljihu. Gagare ya yi gyaran murya ya ce, "Ranki ya daɗe, tsufa ne. Tun da ruwa ya ci mai gidanta ba ta cika daidai ba. Mu talakawa ne, ina muka ga babur?"

Asta ta nemi ɗanta da ido, ta same shi a layi na uku, ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki su biyu, balle a gaban mutane. "Kai wannan" take ce masa, ko ta ce "uban su Hussaina". Haka ta tashi ta ga ana yi, kuma kunyar ba ta taɓa yi mata nauyi ba sai yau. Ta ji sunan na fitowa da ƙyar.

"Sufyanu."

Matan da ke kusa da ita suka rufe baki. Duk wanda ya fito daga Kwarin Tsamiya ya san abin da ya ji.

"Sufyanu, ɗaga hannunka. Kai ka shiga ruwa ka ciro ubanka. Ɗaga hannunka su gani."

Ta ga ƙeyarsa ta motsa. Ta ga hannunsa na dama ya bar gwiwa, ya taso kaɗan, ya tsaya. Sai ya kai shi ga hularsa ya gyara mata zama, ya mayar da shi inda yake.

Injiniya ta jira. Ta jira fiye da yadda ya kamata, har Alhaji Zaharaddeen ya fara duba agogo. Daga nan ta cire zanen gadar gulbi daga allo, ta naɗe shi, ta sa a jaka. Aka yi addu'a aka shafa.

A bayan kangon injin niƙa Asta ta tsaya tana kallo suna tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya, suna raha, har wani na cewa yau ma Allah ya rufa asiri. Ta ƙirga su da kanta, arba'in da uku. Ƙyama ta kama ta, ta tofar da yawu a gefen hanya. Sufyanu ya matso da nasa ya tsaya, bai dube ta ba.

"Inna, hau mu tafi."

Ta wuce shi kamar ba ta ji ba. A ƙasa ta tafi, tafiyar fiye da awa guda, takalmi a hannu saboda taɓo.

Ko da ta iso mashigi la'asar ta yi sanyi, kuma duk suna nan. An yi ruwa a can sama, gulbi ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa. Babura arba'in da uku sun yi layi a gaɓa, ga marken nata can a tsallake, ga rufin gidajensu ana hangowa. Mazan sun zauna a kan duwatsu, kuma wallahi gardamar raƙumi suke ci gaba da yi. Gagare ya hango ta ya ce, "Asta, da kin san haka ai da kin taho da kaskonki wanga gefe, da alama za mu daɗe." Wasu suka yi dariya. Ba ta ko kalli inda yake ba, ta nemi wani dutse nesa da su ta zauna.

Can sai ta ji mutum ya tsuguna a gefenta. Sufyanu ne, yana tsinkar ciyawa.

"Inna, in suka karɓe shi, mi za mu ci?"

Ta so ta zage shi, zagin da ta taho da shi tun daga Mararraba. Ta buɗe baki, sai ta tuna garin tuwon da ya rage a gida ba zai kai Juma'a ba, kuma wanda zai cike shi ne tsugune a gefenta. Takaicin ya rasa inda zai sauka.

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce.

Ya tashi. Ta juya masu baya gaba ɗaya, ta zuba wa ruwan ido, tana jiran ya ja kamar kowa.