In Ɗauka, Gwaggo?

"To wannan fa, Gwaggo ce ko zabuwa?"

"Don Allah Zainu ka bari. Gwaggo ce. Zabuwar sai can gaba take shigowa."

Zainulabidin ya sake kara wayar a kunnensa, ya runtse ido ɗaya yana saurare. Da ya gama sai ya ce shi dai a iya saninsa na mai gyaran waya a kasuwar Gwarzo, wanda kuma yake ɗaura lasifikar masallacin unguwa, abin da ya ji shi ne zabi uku, iska, injin niƙa, sai wata baiwar Allah can nesa tana waƙa kamar daga cikin rijiya. Kamila ta jefe shi da matashin kai. Ya cafe yana dariya, ita ma dariyar ta ƙwace mata, duk da ƙwallar da ta taru a idonta.

Wata huɗu ke nan da aurensu, har yanzu ba ta iya yin fushi da shi ya kai minti biyar. Amma maganar ba ta wasa ba ce. Kamila tana shekarar ƙarshe a kwaleji, aikin kammala karatunta a kan waƙoƙin niƙa na matan karkara ne, saura kwana goma ta miƙa. Malamarta ta gindaya sharaɗi biyu: sautin ya fita tas, sannan a ji mai waƙar da bakinta tana cewa ta yarda a ɗauki muryarta. Mai waƙar kuwa ita ce kakarta ta wajen uba, Marka, wadda kowa a Dugabau yake kira Gwaggo, har limamin garin. A zamanin ƙuruciyarta, in ta durƙusa gaban dutsen niƙa, maƙwabta kan bar nasu aikin su jingina da danga. Injin niƙa ya zo ya kashe rabin waƙoƙin, sauran kuma suka shige ɗaka tun da aka rage kiɗa a bukukuwa, tsofaffi suka fara jin nauyin ɗaga murya.

Tun da man fetur ya yi tsada, zuwa Dugabau daga Gwarzo ya zama tafiyar da sai an zauna an shirya mata. Saboda haka Kamila ta koma kiran bidiyo ta wayar Furera, matar baffanta. Sau huɗu ana yi. Kowane karo sai ta fara da tambayar da malamarta ta ce a yi, "Gwaggo, in ɗauka?" Kowane karo Gwaggo takan ce, "Ɗauki mana, 'yar nan, ai don ki ɗauka nake yi." In ta gama rerawa kuma sai ta ce wa Kamila to ta maimaita ta ji. Kamila takan yi dariya, ta ɗauka tsokanar kaka ce da jika. Sharaɗi na biyu dai ya samu tun ranar farko. Na farkon ne ya gagara.

Ranar nan Zainulabidin ya naɗe hannun riga ya ce a bar masa. Ya kira Furera ya yi mata bayani dalla-dalla kamar mai koyar da karatu: a shigar da Gwaggo ɗakinta na ƙasa, a saki labule, a kora zabi bayan gida, a maƙala mata abin kunne, ɗan bakin maganar ya zauna daidai wuyan rigarta, kada mayafi ya goge shi. A nasu ɓangaren kuma ya buɗe durowar kayan Kamila, ya jera matasan kai, ya jingina wayarta a tsakiya, ya ajiye tasa tsohuwar wayar a gefe don ita za ta naɗi sautin. Ya ce atamfofin lefe sun fi kowane ɗakin rediyo shanye amsa-kuwwa, ashe dai bai yi asarar sayensu ba.

Da hantsin Talata Allah ya kawo sauƙi ta inda ba a zata ba. Mai injin niƙan Dugabau ya rufe saboda tsadar gas, garin ya yi tsit. Furera ta shirya Gwaggo tsaf, ta tafi barka maƙwabta. Zainulabidin ya duba komai, ya sumbaci goshin matarsa, ya wuce shago.

Fuskar Gwaggo ta cika wayar, hanci ya fi komai kusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da mutan gida da damina da awaki. Sannan ta ce ina angonta, wato Zainulabidin, wanda take cewa aro kawai ta ba Kamila. Kamila ta ce yana kasuwa. Gwaggo ta tambaya wa ke kusa da ita, ta ce ba kowa.

Ta danna jan maɓallin da ke wayar gefe.

"Gwaggo, in ɗauka?"

"Ɗauki mana."

Muryar ta fito kamar Gwaggo na zaune cikin durowar. Har numfashinta ana ji, har ɗan karkarwar da ke ƙarshen kowane baiti. Ta rera ta gero, ta rera ta amaryar da ba ta iya tankaɗe ba, ta rera ta ruwan farko. Kamila ta dafe ƙirji, tana jin kamar ta tashi ta taka rawa.

Bayan ta ukun Gwaggo ta waiga ƙofa, ta dawo da fuska, ta rage murya. Ta ce akwai wata guda, ba ta taɓa rera ta da wani mahaluki a kusa ba, sai dutse da ita.

Duk zuriyar sun san abu ɗaya game da Gwaggo. Sunan marigayi mijinta, kakan Kamila, Baƙo, mutumin Lakwaya da ya zo Dugabau sayen maraƙi ya ga Marka a bakin rijiya, bai sake komawa da zama ba. Saboda kunyar sunan miji, shekara hamsin da 'yan kai kalmar ba ta fito daga bakinta ba. In an yi sallama sai ta ce an yi mutumin hanya. In suna da yawa ta ce mutanen hanya sun sauka, a kawo tabarma. Jikoki sun sha ɗana mata tarko, su nuna wani su ce Gwaggo wannan ɗan gari ne ko me, ta bi su da muciya. Ko bayan rasuwarsa ba ta sauya ba.

Sai ga shi ta lumshe ido, kafaɗunta suka fara kai da komo kamar dutsen na gabanta.

"Dutse bi a hankali, rana ta yi,
Gero yi laushi, mai gona na tafe,
Na hango hula ta saman danga,
Baƙo, Baƙo, Baƙona na Lakwaya,
Ka zo yini, ka share shekaru."

Sau uku ta faɗi sunan, kowane karo da taushin da Kamila ba ta taɓa sanin akwai shi a muryar tsohuwar nan mai faɗa ba. Kamila ta karanta labaran soyayya har ba ta san adadinsu ba, na aro da na saye, amma babu wanda ya taɓa sa tsigar jikinta ta tashi haka. Hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba.

Gwaggo ta buɗe ido ta yi murmushi. "Wannan a kanki kaɗai za ta zauna. Tun kina 'yar mitsitsiya kanki yake ɗaukar abu, shi ya sa na ce ki ɗauka. Ko angona kada ya ji."

Nan take Kamila ta kalli wayar gefe, jan ɗigon yana ta ƙiftawa, daƙiƙu na tafiya. Ashe duk kwanakin nan ɗaukar da Gwaggo take nufi ita ce ta karatu, irin wadda yaro kan yi a gaban malam, a kai, a zuciya. Shi ya sa take cewa a maimaita. Kafin Kamila ta haɗa kalma biyu sai ga sallamar Furera, Gwaggo ta ce to sai an jima, hoton ya ɗauke.

Da azahar Zainulabidin ya dawo da ɗokinsa, ko takalmi bai gama cirewa ba ya miƙo hannu. Ta bar shi ya ji minti ɗaya na farko, sannan ta fizge wayar. Ya ce wallahi ko a gidan rediyo sai haka, ga kuma yardar nan da bakinta, ɗauki mana, raɗau. Kamila ta zauna a bakin gado ta gaya masa komai, ban da abin da ke cikin waƙa ta huɗu.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki a kan maganar ɗauka, sannan da ya ga fuskarta sai ya nutsu. Ya ce malama dai ba za ta taɓa sani ba, a takarda komai ya cika. Kamila ta ce ita ta sani. Ya ce to a goge. Ta rungume wayar a ƙirji, ta ce in ta goge wannan, ba ta jin Gwaggo za ta sake rera ta har abada, kuma ga kwana bakwai kacal ya rage mata. Sai ya ce shi a shago, in aka kawo masa waya gyara, hotunan ciki ba nasa ba ne ko da kuwa a buɗe suke, kuma yana ganin wannan ma mai ita ya kamata a tambaya. Ya ƙara da cewa in Gwaggo ta yi fushi, shi zai je biko, tunda angonta ne.

Ta kalle shi, ta ji son sa ya ƙara cika mata zuciya, ta ce, "Ka ci abinci tukuna."

Bayan la'asar ta sake kira. Ta roƙi Furera ta maƙala wa Gwaggo abin kunnen ta ba su wuri. Zainulabidin da kansa ya ɗauki buta ya fita ƙofar gida. Kamila ta durƙusa a gaban durowa kamar Gwaggo na ganin gwiwoyinta, ta fara da neman gafara. Ta yi bayani da kaset, tunda Gwaggo ta san kaset: cewa akwai wata waya a gefe da take kama duk abin da aka faɗa, ta riƙe, a sake ji gobe da jibi, a kai makaranta malamai su saurara.

Gwaggo ta matso da fuska kusa da wayar.

"Wato ƙarfen ne yake ɗauka, ba ke ba."

"Shi ne, Gwaggo. Na zaci kin gane. Laifina ne, ban yi miki bayani ba."

"Har da ta ƙarshen?"

"Har da ita."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tsohuwa mai jikoki ashirin da ɗoriya, kamar amaryar jiya. Ta tambaya wa ya ji. Kamila ta rantse ba kowa. Ta tambaya in an ce ƙarfen ya mance, zai mance? Kamila ta ce da danna yatsa ɗaya, kuma in Gwaggo ta ce a yi, yanzu za ta yi a gabanta, duka huɗun. Da gaske take.

Maimakon haka sai Gwaggo ta ce a kunna mata ta ji.

Kamila ta matso da wayar gefe kusa da ɗayar, ta kunna. Muryar Gwaggo ta tashi daga Gwarzo ta koma kunnen mai ita a Dugabau. Da farko ta zaro ido ta ce wace tsohuwa ce wannan mai murya kamar ƙofar langa-langa. Can kuma ta fara gyaɗa kai, ta ce a'a, ashe da sauranta, ta gero ma ta fi yadda uwarta take yi. Da aka iso ta huɗu sai ta daina magana. Sunan ya fito sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Leɓunanta suka motsa ba sauti. Ta sa bakin mayafi ta dangwale ido, sannan ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Ja'irin mutum," ta ce. "Maraƙin ma bai saya ba."

Kamila ta yi dariya cikin kuka. Gwaggo ta ce to ita fa, bayan ƙarfe ya gama nasa aikin, nata kan ya ɗauki wani abu ko kuwa kwalejin banza ake yi? Kamila ta share fuska ta rera mata baitin daga farko har ƙarshe, ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya, Gwaggo ta gyara mata, ta ce muryar ba laifi amma da gani ba ta taɓa niƙa ko mudu ɗaya ba.

Sannan ta gyara zama, ta sauke mayafin daga fuska, ta daidaita ɗan bakin maganar a wuyan rigarta da kanta. Ta ce Kamila ta tashi ƙarfen nata, tana da magana da shi. Kamila ta danna, jan ɗigon ya kama ƙiftawa.

Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Ni ce Marka ta Dugabau. Yanzu na san abin da ake nufi, kuma na yarda. Waƙa uku na farko a kai makaranta, kowa ya ji, a faɗi sunana. Ta huɗu kada a goge, amma tawa ce ni da Kamila. Duk wanda ya saurara ban ce ya saurara ba, ban yafe ba, ko da angona ne."