Tsakuwar Kallamu

"Ku fitar da ni gindin tsamiya," in ji Kallamu. "A zaure na sha cinye Mati a dara, wa ya gani?"

Mati dubiya kawai ya zo. Danga ɗaya ta raba gidajensu. Ya dubi maƙwabcin nasa a kwance, ƙafafu sun kumbura, ya ce, "Babarbare, ka ji tsoron Allah. Majinyaci da dara?"

"Ni Allah nake tsoro. Kai kuwa ni kake tsoro."

Daga bayan zana Falmata, matar Kallamu, ta ce, "Ku kai shi, Malam Mati. Tun jiya ko kunu ya ƙi."

Daga nan har kasuwar Ɗanbatta, Mati aka sani da dara. Shi ake kira ƙofar hakimi, shi maroƙa ke yi wa kirari. Kallamu, jikan fataken kanwa daga Barno, ba a taɓa kiransa ba. In ya ce ya cinye Mati sai a yi dariya, a ce cika bakin Barebari ne. Mati bai taɓa ƙaryata shi ba, bai kuma taɓa gaskata shi ba.

Aka jingina Kallamu da tsamiya. Rani ne, babu aikin gona, nan da nan mutane suka taru. Aka tona gurabu a rairayi. Mati ya ɗauki tsinkayen kara, Kallamu tsakuwa.

Wasa ya yi nisa, Mati ya ga hannun Kallamu yana rawa. Sai ya ɗaga tsinke ɗaya, ya buɗe masa hanyar jera uku.

Kallamu bai ci ba. "Mayar."

"Ɗan darar da aka ɗaga ba ya komawa."

"Mayar, na ce! So kake gobe a ce Mati ya yi wa gawa sadaka? Ka ɓoye ni a zaure, yanzu kuma za ka binne ni da tausayi?"

Mati ya mayar da tsinken, ya gyara zama, ya daina kallon hannun. Ya ci, aka ci shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ladan ya kira la'asar. Kallamu ya tura tsakuwa ɗaya da ɗan yatsa. "Saura kai. Je ka yi salla, ka roƙi dabara."

Mati ya kife masaki a kan darar. Kafin su fito daga masallaci, kukan Falmata ya iso musu.

Washegari a zaman makoki, Uwaisu mahauci ya ce, "Allah ya jiƙan Babarbare. Mutuwa dai ta rufa masa asiri a hannun Mati."

Mati yana iya yin shiru, kamar yadda ya saba. Sai ya miƙe. "Ku taso."

Ya kai su gindin tsamiya, ya ɗaga masakin a gabansu. "Ni ne da tafiya. Wanda ya ga inda zan bi, ya nuna mini."

Tsofaffi suka tsuguna. Wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Duk tsinken da aka taɓa, tsakuwa na jiran ta jera uku.

"Haka yake yi mini a zaure," in ji Mati.

Ya zare tsinkayensa ɗaya bayan ɗaya. Ya bar tsakuwar a gurabunta, ya sake kife masakin don kada kaji su tone.