Azumin Alhaji Bukari a Lofoten

Ranar Juma'a, azumi na biyu, Illiassou yana jera buhunan kan kifi a butik ɗinsu na unguwar La Guillotière a Lyon sai Sahadatou ta kira daga Paris. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, Baba bai sha ruwa ba jiya."

"Kamar yaya bai sha ba?"

"Tun sahur ɗin jiya bai sa komai a baki ba. Ya ce rana ba ta faɗi ba."

Illiassou ya zauna kan buhu. Alhaji Bukari, mahaifin Sahadatou, kawunsa ne. Shi ya kawo shi Lyon daga Damagaram, kuma butik ɗin nasa ne. Tsoho ne mai ciwon sukari. Ya daɗe yana sayen busasshen kifin Norway ta hannun dillalai yana sayar wa 'yan Najeriya da 'yan Kamaru, sai bana ya ce zai je ya zaɓi kayansa da idonsa, a tsibiran Lofoten inda ake shanya kifin.

A bangon butik ɗin akwai taswirar da Illiassou ya manna. Ƙasar doguwa ce, siririya, teku ya tsaga gaɓarta ya shige tsakanin duwatsu. Ya karanta cewa wani ruwa mai ɗumi yana bin gaɓar daga kudu, shi ya sa tashoshinta ba sa daskarewa, har Narvik inda ake lodin ƙarfen Sweden. Ya karanta yadda masuntan arewa suka yi ƙarnuka suna sauko da kifi Bergen suna musanya shi da hatsin Jamusawa. Ya kuma karanta cewa a wannan watan, can sama, rana tana zagaya sararin ne kawai. Ya faɗa wa Kawu kafin tafiya. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ranar Allah ce, ko'ina tana faɗuwa. Turawa ne ba su da haƙurin jiranta."

"Ai matafiyi ne," Illiassou ya ce wa Sahadatou. "Ga ciwo. An ɗauke mishi."

"Na gaya mishi. Na ce mutanen can da lokacin Makka suke aiki, wasu da na gari mafi kusa da rana ke faɗuwa. Ya ce ni ma'aikaciyar asibiti ce, in tsaya ga allura. Ya ce tun yana yaro bai taɓa kai ruwa baki yana ganin rana ba." Ana jin ƙarar motocin unguwar Belleville a bayanta. "Maganar mutum ɗaya yake ji, Malam Abdulsalami."

Malamin Alhaji ne a Damagaram, wanda ya karantar da shi tun suna samari.

"To mu kira shi."

"Tun safe nake kira. Ya tafi ƙauye, ba rezon waya. Yaya, kai za ka ce ka same shi. Ka ce Malam ya ce ya sha. Ni ba zai yarda ba, kai kuwa ya san ba ka ƙarya."

"Shi ya sa kike son in yi ta."

"Oui. Shi ya sa."

Bayan ta kashe, ya kira Damagaram sau da yawa, wayar ba ta shiga ba. Ya kira Kawu. Wata mata ta ɗauka, mai siton kifin, tana magana da Faransanci mai tsinkewa. Ta ce tsohon yana zaune a bakin tasha yana fuskantar teku, ta ajiye mishi kofin ruwa a gefe, tsuntsaye ne kawai ke kula da shi. Ta ce hannunsa yana rawa. Ta ce a wurinsu ba a tilasta wa babban mutum, amma in ya faɗi za ta kira motar asibiti.

Illiassou ya rufe butik ya kama hanyar Rillieux-la-Pape, inda gidan Kawu yake. A cikin mota yana ta juya abin. Abin da Sahadatou take so ya faɗa, watakila shi ne Malam zai faɗa in an same shi. To ƙarya ce, ko riga mutum faɗin gaskiyarsa? Amma idan ba haka zai ce ba fa? Kuma Kawu zai dawo, zai kira Malam ya yi godiya. Daga ranar ba zai sake yarda da bakin kowa ba, kuma watan azumi zai sake zagayowa, ciwon yana nan. Sai kuma ya tuna hannun da ke rawa, duk wannan lissafin ya zama kamar na mai ƙoshi.

Hajiya, matar Alhaji, ta buɗe mishi ƙofa. Ta riga ta shimfiɗa tabarma a falo, ta jera dabino da kunu da ruwa. A gidan nan akwai ƙa'ida da kowa ya sani: ba mai taɓa dabino sai maigida ya ɗauki na farko. Ko yana tafiya, sai an kira shi ya ce ku sha.

"Ka ji abin da kawunka ya yi mini?" ta ce. "Jiya na kira, ya ce ku sha, Bismillah. Na sha, na ci har da nama. Ashe shi yana zaune yana gadin rana."

"Hajiya, Sahadatou tana son in ce..."

"Na san abin da take so. Wannan tsakaninka da Allah ne." Ta zauna ta jawo carbi. "Ni dai yau ba ni sha sai na ji ya haɗiye."

"Ke ma fa kina shan maganin hawan jini."

"Ya sani."

Ya fita baranda. Rana tana gangarowa bayan tuddai, ja, kamar kullum, ba ta san ana rigima a kanta ba. Sahadatou ta aiko kira, bai ɗauka ba. Da rana ta nutse, ya danna lambar Kawu.

Muryar da ta amsa busasshiya ce, kalmomin suna mannewa.

"Illiassou. Ya butik?"

"Lafiya lau, Kawu. Ya jiki?"

"Ranar ta sauko. Jiya ta kusa taɓa ruwa, sai ta fasa. Yau dai ina ga za ta faɗi." Ya yi numfashi. "Yarinyar nan ta ce kana neman Malam. Ka same shi?"

Illiassou ya riƙe ƙarfen baranda. Kalmar tana bakinsa, gajera ce.

"Ban same shi ba, Kawu."

"To."

"Kuma ba za ta faɗi ba. Ba yau ba, ba gobe ba, sai watan gobe. Mutanen wurin sun san haka tun kakanninsu." Ya juya ya dubi falo. "A nan ta faɗi. Hajiya tana kan tabarma, ba ta taɓa komai ba."

"Ka ce ta sha."

"Ta ce jiya ma haka ka ce."

Ya shiga ya ajiye wayar kusa da dabino, ya buɗe lasifikarta.

"Alhaji," Hajiya ta ce, "kai ka kafa dokar nan, ba ni ba. Tun muna gidan haya a Damagaram. In za ka jira rana, sai mu jira tare."

"Ke kina da ciwo."

"Kai kuwa lafiyayye."

Illiassou ya sunkuya kan wayar. Ana jin iska da kukan tsuntsayen teku, da ƙahon wani jirgi daga nesa. Illiassou ya ji ƙishinsa ya dawo gaba ɗaya. Idan tsohon ya ƙi, shi Illiassou ya zaɓi tsabtar bakinsa a kan ran mutum biyu ke nan.

Sai aka ji ƙarar kofi a kan dutse, aka ji Bismillah, aka ji haɗiya, sau ɗaya, sannan da yawa.

"Ku sha," in ji Alhaji. "Tana kallona fa, Illiassou. Tsaye take a gabana. In laifi ne, da kai za a tambaye mu."

"Na yarda, Kawu. Ka ci abu. Gobe ka hau jirgin ruwa zuwa Bodø, ka gangara Bergen. Can tana faɗuwa, ko da ba ta daɗewa."

"Kifin fa?"

"Busasshe ne. Zai jira."

Hajiya ta ɗauki dabino ta miƙa wa Illiassou ɗaya. Ya riƙe shi a hannu, bai kai baki ba tukuna. Bai yi ƙarya ba, amma ya san abin da yake yi sa'ad da ya ajiye wayar kusa da tsohuwar, kuma bai tabbata wannan ya fi ƙaryar sauƙi ba. Wayar ta sake yin ƙara, Sahadatou ce.

"Ci mana," Hajiya ta ce. "Sannan ka amsa mata."